Shigar Fremen a gaban kyamara: kurakuran da ke ɓata hoton da yadda ake gyara su

Duk wanda ya kalli fim ɗin Dune na 2021 ya ga mutanen hamadar nan da ake kira Fremen, fuska a naɗe, ido shuɗi, siririn tiyo a hanci, da wuya bai raya a ransa cewa wannan shigar ba za ta gagare shi ba. Balle mu da muka tashi muna ganin rawani da amawali. Don haka ba abin mamaki ba ne matashin da ya fara sha'awar kosfile, wato yin shigar wani tauraron fim a ɗauke shi hoto kamar daga cikin fim ɗin aka ciro shi, ya ce da Chani ko Stilgar ko Paul Atreides, manyan taurarin labarin, zai fara. Sha'awar ta daɗe a duniya. Tun a 1939, a babban taron farko na masoya ƙagaggun labaran kimiyya a birnin New York, Forrest J Ackerman da Myrtle Douglas suka shigo cikin kayan mutanen zamani mai zuwa, kayan da ita Myrtle ɗin ta ɗinka.

Abin da ya fi faruwa shi ne a kashe kuɗi a kan kaya, a sha wahalar ɗinki, ranar ɗauka kuma hoton ya fito kamar na yawon salla. Sai a ɗora wa tela laifi, ko a ce wayar ce ba ta da kyau. Galibi kuwa telan ya yi abin da aka ce masa, wayar ma ta yi iya yinta. Abin da ke sa a ga hoto a ce daga fim yake shi ne haske, da tsufan kayan, da yadda mutum ya riƙe jikinsa, kuma waɗannan ukun su ne ake bari sai ranar ƙarshe.

Aiki da abin da aka tuna

Kuskuren yana farawa tun kafin a sayi yadi. Mutum ya kalli fim shekara biyu da suka wuce, ya buga sunan a intanet, ya kwaso hotuna goma, bai lura ba cewa daga wurare daban-daban suke. Littafin Frank Herbert, wanda daga shi aka ciro labarin Dune, ya fito a 1965, kuma an mayar da shi fim fiye da sau ɗaya. A fim ɗin David Lynch na 1984, rigar da Fremen ke sawa don tattara ruwan jikinsu baƙa ce, mai kama da roba, mai kumbure-kumbure kamar tsokar jiki. A na Denis Villeneuve, wato na 2021, wanda Jacqueline West da Bob Morgan suka tsara wa sutura, rigar toka-toka ce, ta sha ƙura, an lulluɓe ta da mayafai marasa nauyi. Shuɗin ƙyallen da ake ganin Chani da shi kuma a kashi na biyu yake, na 2024. Idan ka ɗauki ƙirji daga 1984, mayafi daga 2021, ka ƙara da zanen wani mai sha'awa da ka tsinta a Pinterest, wanda ya san fim ɗin zai gane da kallo ɗaya cewa an yi haɗin gambiza.

Ka zaɓi fim ɗaya, ka zaɓi fitowa ɗaya a cikinsa. Ka tsayar da hoton, ka ɗauko gaba da gefe da baya. Sannan ka zauna da shi minti goma kana yi wa kanka tambayoyin mai ɗaukar hoto: ta ina rana take, inuwar hanci ina ta faɗa, kyamara a ƙasa take ko daidai ido, mene ne a bayansa, wane launi ne babu shi ko kaɗan a cikin hoton. Ka buga hotunan a takarda. Ita za ka kai wa tela, ita kuma za ka riƙe a hannu ranar ɗauka.

Kaya sababbi fil

Nan ne mafi yawan hotuna ke mutuwa. Fremen mutane ne da ba sa zubar da ko ɗigon ruwa, har na gawa sukan tatse su adana. Wanda ke rayuwa haka ba ya wanki da guga. Amma mu a al'adarmu fita da kaya yana nufin sitaci da karin guga, kuma hannun tela ya saba da hakan. Za ka ce masa, "Baba, don Allah bakin mayafin a bar shi haka, kada a kalmashe, kada kuma a goge." Ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Yaro, so kake ka ɓata min suna a layin nan?" Ka ba shi haƙuri, ka nuna masa takardar, ka tsaya a kan bakanka.

Tun daga zaɓen yadi ake yin ɓatan kai. Shadda da duk wani yadi mai ƙyalli ko mai roba a ciki suna mayar da hasken rana, sai su fito fari tas a hoto, masu robar kuma ba sa shan rini yadda ake so. Ka nemi auduga zalla mai shara-shara, ko akoko, ko lilin idan aljihu zai ɗauka. A kasuwa irin Kantin Kwari ba za ka rasa ba. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga yadin sama ka ga ko haske na ratsa shi, ka kuma hura shi ka ga ko yana tashi. Mayafin da iska ba ta iya ɗagawa zai rataye a jikinka kamar labule.

Daga nan sai tsufar da shi. A dafa ganyen shayi da yawa, a jiƙa yadin a ciki yana da zafi, a matse shi a cukurkuɗe, a shanya ba tare da an warware shi sosai ba, don rinin ya kama wani wuri fiye da wani. A bi bakinsa da samfefa ko burushin ƙarfe har zare ya fara fita. A dama fentin akirilik ruwan ƙasa da ruwa sosai, a fesa a ƙasan mayafin da wuya da hammata. Amma a nan ma akwai tarko: wasu da zarar sun ji an ce a tsufar, sai su bi kayan gaba ɗaya da datti iri ɗaya, ko su yi ta yanka ramuka da almakashi a jere. Kaya ba sa tsufa haka. Ka dubi rigar bakanike ko wandon ɗan acaɓa. Gwiwa da gwiwar hannu su ke fara koɗewa, kafaɗa rana ke ci, ƙura kuma a cikin lungun ɗinki take taruwa. Inda jiki ke gogar abu ya yi haske, inda ya lotsa ya yi duhu. Kada a manta takalmi. Sau da yawa za ka ga an gama komai daidai, a ƙasa kuma ga sabon kambas da tambarin kamfani yana sheƙi.

Sassan rigar masu tauri, ƙirji da kafaɗa da ƙwauri, yawanci da robar EVA ake yin su, irin wadda masu takalma ke yin tafin silifas da ita. Tana yankuwa da reza, tana lanƙwasuwa idan ta ji zafi. Kurakurai biyu ake yi da ita. Na farko a shafa fenti kai tsaye, robar ta shanye shi, ko ya tsattsage da zarar an lanƙwasa hannu. Sai an fara bi ta da zafi an toshe ƙofofinta, an shafa farin gam na kafinta hawa biyu ko uku ya bushe, sannan fenti, kuma fentin ya zama marar sheƙi. Na biyu a haɗa sassan da gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga. A ɗaki yana riƙewa. A cikin but ɗin mota da rana tsaka ko a kan yashi mai zafi sai ya yi laushi, kafaɗa ta faɗo ana tsakiyar ɗauka. Gam ɗin masu gyaran takalmi ya fi shi nesa ba kusa ba, a shafa gefe biyu, a jira ya sha iska, a manna. Wanda bai da lokacin yanka roba yana iya duba 'yan gwanjo, wani lokaci akan dace da kayan kariya na masu tseren babur, a cire tambarin a sake musu fenti. Tiyon hanci kuwa sabuwar robar ƙarin ruwa daga kantin magani ta wadatar, a yi wa wajenta fenti, a bar ɓangaren da zai taɓa hanci ba fenti.

Shuɗin ido

A labarin, wani sinadari da ake kira yaji, na hamadar Arrakis, duniyar da suke zaune, shi ke rina idon Fremen, ƙwayar da farin duka. Sai mutum ya yi odar ɗan gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido, daga wani mai talla a Instagram, ya sa shi ya shiga cikin ƙura. Wannan ganganci ne. A Amurka tun 2005 doka ta sa irin wannan gilashin, ko da na ado ne, cikin kayan asibiti da ba a sayarwa sai da takardar likitan ido, saboda wanda bai dace da ido ba yana kankare fatar ƙwayar ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa ta isa. Kuma abin dariyar shi ne su kansu 'yan wasan fim ɗin na 2021 da kwamfuta aka rina musu ido bayan an gama ɗauka. Kai ma haka za ka yi. A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Photoshop ka zaɓi idon kaɗai, ka karkata launinsa zuwa shuɗi, ka ɗan taɓa farin ma, ka bar ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar yadda yake. Idan ka gama ka rage ƙarfin abin da ka yi da rabi, domin kusan kowa yana zarcewa a karon farko, idon ya koma kamar fitilar caji.

Haka batun fata. Akwai masu shafa hoda mai haske ko su ɗaga hasken fuska wajen gyara don su yi kama da Zendaya ko Timothée Chalamet, waɗanda suka fito a matsayin Chani da Paul. Babu buƙata, kuma yana ɓata hoton, domin fuska da wuya da hannu sai su rabu launi. Fremen na fim ɗin launi-launi ne. Jamis, wanda ya yi faɗan wuƙa da Paul a ƙarshen kashi na farko, Babs Olusanmokun ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Legas. Sharon Duncan-Brewster, baƙar fata 'yar Ingila, ita ce Liet Kynes. Abin da fuska ke buƙata shi ne a kashe mata maiƙo, a ɗan bi ta da hoda ruwan ƙasa a goshi da kumatu kamar ƙura, a bar leɓe ba man leɓe.

Haske

Greig Fraser, wanda ya ɗauki fim ɗin, ya ci kyautar Oscar a 2022 a kan wannan aikin, kuma idan kana son hotonka ya yi kama da nasa, nasa aikin za ka fi nazari a kan na masu ɗinki. An ɗauki hamadar a Wadi Rum ta ƙasar Jodan da kuma yankin Liwa a Abu Dabi. Ka lura da sararin samaniyar Arrakis: ba shuɗi ba ne irin na hoton kalanda, fari ne fat, ya koɗe, yashin ma ba ja ba ne, ruwan toka ne mai ɗan ɗumi. Masu kwaikwayo kuma sai su je da rana tsaka a watan da sama ta wanke, su dawo da shuɗin sama da jan yashi, su ƙara musu ƙarfi wajen gyara.

A nan Allah ya hutar da mutanen Sahel. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana ba da wannan farin saman kyauta, yana tausasa rana, yana sa abin da ke nesa ya dusashe. Mai ɗaukar hoto a Turai sai ya sha wahala da kwamfuta kafin ya samu abin da mutumin Damagaram ko Nguru ke tashi ya tarar a ƙofar gida. Lokacin kuma ya fi sauƙi ga wanda zai sa roba da mayafi hawa uku. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan shigar tana iya kayar da mutum.

Ko a hunturun, ƙarfe goma sha biyun rana ba lokacin ɗauka ba ne. Rana a tsakiyar ka tana zuba inuwa a ramin ido, ga shi ido ne kaɗai abin da mayafi ya bari a buɗe. Sa'a ɗaya bayan fitowar rana, ko daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, rana tana kwance, tana fito da tudu da kwarin yashi, tana ratsa mayafi. Ka sa ta a bayan wanda ake ɗauka ko a gefensa. Fuskar za ta yi duhu, musamman baƙar fata, to sai a mayar mata da haske. Ba sai ka sayi allon masu sana'a ba. Abin nan mai ruwan azurfa da ake shimfiɗawa a gilashin mota don tare rana yana yi, farin kwali ma yana yi kuma haskensa ya fi laushi. Wani ya riƙe shi ta gefe, ɗan sama da ƙirji. Idan aka riƙe shi can ƙasa yana haska haɓa, sai fuskar ta koma ta fim ɗin ban tsoro.

Kyamara kuma yashi yana ruɗa ta. Tana ganin fili mai haske sai ta rage haske gaba ɗaya, mutumin ya fito baƙi ƙirin. A waya ka danna kan fuskar ka ɗan ja hasken sama. A kyamara ka ƙara haske mataki ɗaya, ka duba, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, idan akwai, don ka samu abin gyarawa daga baya. Filashin da ke kan kyamara ka kashe shi. Yana daidaita fuska ta zama kamar ta hoton fasfo, yana kuma tona duk inda gam ya leƙo.

Wuri, tsayuwa da kusurwa

Tudun yashi na gaske akwai shi a arewacin Yobe wajen Yusufari, akwai kuma a Nijar ta wajen Agadas, sai dai tafiya irin wannan sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki. Wanda bai samu ba, busasshen kogi da rani ko babban tulin yashin masu gini ya isa, in dai kyamara ta sauka ƙasa ta kalli sama, yadda bayan mutum zai zama yashi da sarari kawai. Ka duba kusurwoyin hoton huɗu kafin ka danna: falwaya, ledar ruwa, bishiyar darbejiya, duk suna shigowa ba sallama. Kore ko ɗaya bai kamata ya bayyana ba. Sawun ƙafa ma haka. Jama'a su iso wuri su yi ta zagaye suna neman inda ya fi kyau, kafin a fara sun tattake shi. A tsaya daga gefe a zaɓi wurin da ido, wanda za a ɗauka ya zagaya ta baya ya shiga.

Masu ɗauka a ɗaki da koren ƙyalle don su sauya baya da kwamfuta su sani cewa koren yana fallatsa a jikin kaya masu ruwan toka, cire shi kuma aiki ne. Masu fim ɗin da kansu allo mai launin yashi suka yi amfani da shi a wurare da dama saboda hasken da ke dawowa jikin 'yan wasa ya zama na hamada. Yadin akoko da aka rina da shayi zai yi maka wannan aikin.

Sai tsayuwa. An saba da kallon kyamara, a gyara kafaɗa, a ɗan yi murmushi, wasu har da ɗaga yatsu biyu. Stilgar, yadda Javier Bardem ya fito da shi, mutum ne mai sauraron ƙasa, domin a Arrakis taku mai tsari yana kiran ƙatuwar tsutsar yashi, shi ya sa Fremen ke tafiya a karkace, suna jan ƙafa suna tsayawa. Ka ba jikinka aiki: tsuguna ka dafa yashi da tafin hannu, ko ka juya kamar ka ji motsi a bayan tudu, ko ka ja mayafi kana rufe baki. Mai ɗauka ya yi ta dannawa kana cikin motsin. Idan ana son yashi a iska, wani ya watsa shi ta bayanka inda rana za ta haska shi, iska na kaɗa shi nesa da ido da kyamara, saurin ɗauka kuma ya kai 1/1000 na daƙiƙa.

Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kusan milimita 24 zuwa 26, kuma idan aka matso da ita kusa tana kumbura hanci ta ƙanƙance kafaɗa. Ka ja baya ka danna 2x ko 3x. Mai kyamara ya yi amfani da gilashin milimita 50 zuwa 85 don fuska, kuma kada ya canza gilashi a fili, ya shiga mota ya rufe ƙofa. Ka kuma gwada hoton da mutum ya zama ɗan mitsitsi a ƙasan fili mai faɗi. Fim ɗin cike yake da irinsa, masu kwaikwayo kuma ba sa so, saboda suna son a ga wahalar da suka sha a ɗinki.

Gyara da turawa

An ɗauki fim ɗin da kyamarar dijital ta ARRI Alexa LF, sannan aka juye shi a kan zaren fim irin na dā mai milimita 35 aka sake mayar da shi kwamfuta, abin da ya ba shi ɗan laushi da ɗan tsakitsaki. Saboda haka ƙara kaifi da goge fata har ta yi sulɓi hanya ce ta nesanta da shi. Ka rage ƙarfin launi, ka kashe shuɗin sama, ka bar inuwa da ɗan abin gani a cikinta, ka zuba tsakitsaki kaɗan. Yanka hoton a shimfiɗe, 2.39 zuwa 1 kamar allon silima, yana taimakawa ƙwarai, amma sai an yi niyyarsa tun wajen ɗauka, an riƙe wayar a kwance an bar fili hagu da dama. Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, farin saman ya fito layi-layi.

Wuƙar Fremen, wadda a labarin daga haƙorin tsutsar ake yin ta, da roba ko kwali mai kauri za ka yi ta, a shafe ta da fenti ruwan ƙashi. Kada ka ɗauki ta ƙarfe don ta fi kyau a hoto. Kada kuma ka shiga mota da shigar a jikinka. Mutum mai rufaffiyar fuska, da sulke a ƙirji da wuƙa a ƙugu, a bayan gari, a yankin da ake fama da matsalar tsaro, ba kowa zai tsaya tambayar wane fim ne ba. Kayan su tafi a jaka, a sa su a wurin. Kafin a fara a je a gaida mai unguwa ko mai gonar da ke kusa, a ce, "Ranka ya daɗe, hoto muka zo ɗauka na wasan kwaikwayo, ba za mu wuce magariba ba," a nuna masa takardar hotunan da wuƙar robar ya taɓa da hannunsa. A tafi da ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata, da allura da zare, da ragowar gam, kuma duk bayan minti ashirin wanda ke cikin kayan ya kwance mayafin ya sha iska.